Akwatin Kama Iska

A wani gari mai nisa, gwaggon wata yarinya ta ƙera akwati mai aiki da ruwan sinadari da ɗan lantarki. Ta ce, "Muguwar iska yake kamawa. In kika buɗe, wahalata ta tashi a banza."

Yarinyar ta ji akwatin yana nishi. Iska, wato aljani? Ta kai hannu ga murfin, ta janye. Ta sake kaiwa, ta sake janyewa.

Sai ta je ta tambaya, "Gwaggo, aljanin nan ba ya jin yunwa?"

Gwaggo ta yi dariya. "Iskar hayaki ce, 'yar nan, mai ƙara wa duniya zafi."

Yarinyar ta bar murfin a rufe. Amma duk sanda za ta wuce, sai ta ce wa akwatin, "Sannu."