Wata Huɗu Kacal

Takardu biyu ne a kan teburin falo, kuma tun bayan la'asar Saffana take jujjuya su, ta ɗauki wannan ta ajiye waccan, har wake da shinkafar da ta ɗora ta soma kamawa ba ta sani ba. Takardun ma ba nata ba ne, na Ghali ne, saurayin da aka yi musu baiko tun farkon shekara. Jiya ya kawo mata su ya ce ta taya shi zaɓa, ya kama gabansa ya bar ta da ciwon kai.

Tare suka gama jami'a a nan Guangzhou a watan Yuli. Shi Ghali tun yana aji biyu ya samu ɗan aikin ƙarshen mako a wani katafaren gini da ke Huadu, inda inji ke zuba dusar ƙanƙara a ciki mutane na biyan kuɗi su yi zamiya, a garin da zafinsa ke neman dafa mutum da ransa. Da jera takalma ya fara, ɗan Kano da bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai a cikin zoɓo. Yau ga shi har da takardar shaidar koyarwa, kuma wurare biyu na nemansa aikin hunturun bana.

Na farko Yabuli, can ƙuryar arewa: albashi mai tsoka, amma gado ɗaya ne a ɗakin gwauraye. Na biyu wani ƙaramin wuri a Chongli. Albashinsu bai kai rabin wancan ba, sai dai suna ba mai iyali ɗaki da kicin, har ma suna neman wadda ta iya Turanci da yaren China ta zauna teburin karɓar baƙi. Kowa ya ji wannan ya san inda zuciyar Saffana ta karkata. Amma ɗakin na masu aure ne, su kuwa lefe ya tare musu hanya.

"Uwata, tukunyarki na kira."

Ta zabura. Alhaji Ƙasimu ne, mahaifinta, ya dawo daga shagonsa na kasuwar Canaan yana jan ƙafa. Kafin ta sauke tukunyar ta dawo har ya zauna ya ɗauki takarda ɗaya yana kallon hoton duwatsu farare fat.

"Wannan kuma ta ɗan wasan naki ce?"

"Abba, ba wasa ba ne, aiki ne. Idan ya je Yabuli zai haɗa lefen. Wata huɗu ne kacal, daga Nuwamba zuwa Maris, ya dawo a yi biki."

Sai ta ga fuskarsa ta sauya. Ya ajiye takardar a hankali.

"Wata huɗu kacal," ya maimaita. "To ki gaya masa. Ni Disamba zan tattara in koma Kano, na gaji. Idan ya hau jirgi ya tafi ya bar ki da jira, ƙafata ƙafarki, in mayar musu da kayan baikonsu. Idan aure yake so, a ɗaura kafin in tafi."

"Abba, don Allah—"

"Zubo mini abinci, Uwata."

Ta zuba masa, hawaye na ɗiga a bayan hannunta. Ita dai ba ta taɓa yi masa musu ba tun da ya ɗauko ta daga Kano tana 'yar shekara goma sha huɗu, bayan rasuwar mahaifiyarta, ba kuma yau za ta fara ba.

Washegari da rana ta samu Ghali a bakin kasuwa, ya jingina da bango, idanunsa sun faɗa. Ta gaya masa saƙon Abba kalma da kalma. Bai ma buɗe baki ba wayarsa ta yi ƙara. Yaya Rekiya ce daga Kano, yayarsa da ta riƙe shi tun suna marayu, wadda idan ta ce fari ne bai taɓa cewa baƙi ba.

"Kai Ghali, ka sa hannu a takardar Yabulin nan ko kuwa?" Muryarta har waje. "Ah, Saffana na kusa? Madalla, gara ta ji. 'Yar nan, ba ƙin ki nake ba wallahi. Amma akwati goma sha biyu ne, babu ragi! Ƙanena yana China, inda ake ƙera akwatin, a ce an kai lefensa akwati biyu? Da wane ido zan kalli matan unguwa? Ni da na zuba wa bikin kowa!"

"Yaya, abubuwa fa ba yadda kuke zato ba ne—"

"Ka je ƙanƙararka ka yi wata huɗu. Ba a mutuwa!"

Ta kashe. Ghali ya yi wata dariya marar daɗi.

"Kin san jiya har Shiling na je, inda ake ƙera akwati? Na ce ko zan samu saitin akwati da sauƙi. Kamfani huɗu na shiga. Da na ce goma sha biyu nake so sai laoban, mai kamfanin, ya girgiza kai, meiyou, meiyou, wai babu, su daga ɗari suke farawa. Amma a gida gani suke a bakin titi muke tsintar kaya."

"Ni ban ce ina son akwati ba, Ya Ghali."

"Na sani, Fana. Amma Yaya ce fa."

"Ni kuma Abba ne fa!" in ji Saffana. "Na gaji, wallahi na gaji. Kowa da gaskiyarsa, kowa ni yake ja. Yaushe ne deadline ɗin sa hannun?"

"Juma'a ta sama."

Kwanakin da suka biyo baya Allah kaɗai ya san yadda ta yi su. Da safe ta bi Abba shago ta yi masa tafinta, ta yi murmushi ga masu saye, ta ce xiexie, wato na gode, sau ɗari. Da yamma ta saurari saƙonnin muryar Yaya Rekiya, kowane minti biyar-biyar, ana lissafa mata lefen 'yar wance da na 'yar wance. Ƙawarta Shamima, 'yar zongon Kumasi, ta ce mata ta yi yajin cin abinci, tsoho zai sauko. Saffana ta ce ita ba za ta shiga gidan aure ta kan hawayen ubanta ba. Abin da ya fi damun ta shi ne ba ta gane Abba ba. Mutumin da ke yabon Ghali a gaban kowa, yanzu ko sunansa ba ya son ji, kuma duk tsawon zamansu bai taɓa yanke hukunci haka babu dalili ba.

Ran Talata, suna ƙulle dila a shago, ta yi ta maza.

"Abba, kai fa ba ka taɓa sayen kaya ba sai ka ga samfur, ba ka kuma taɓa ƙin kaya ba sai ka taɓa su da hannunka. Ka je ka ga aikin nan sau ɗaya. In ka gani ka ce a'a, wallahi ba zan sake tayar da maganar ba."

Ya dube ta ta saman tabarau, ya daɗe. "Kin zama 'yar kasuwa," ya ce. "Gobe."

Haka suka ɗauki mota zuwa Huadu. A ƙofa aka ba Alhaji Ƙasimu wata ƙatuwar rigar sanyi ja ya ɗora a kan kaftaninsa, aka miƙo hular kwano ya ce atafau ba zai cire zanna-bukar ɗinsa ba. Da ƙofar ta buɗe sanyi ya mare shi, ya yi salati da ƙarfi har wasu 'yan mata suka waiwayo.

"Yanzu mutane da hankalinsu kuɗi suke biya a saka su a firji?"

Saffana ta nuna masa Ghali can ƙasan gangara. Bai san sun zo ba. Yana durƙushe a gaban wani tsoho ɗan China mai furfura, yana ɗaure masa takalmi. Ya miƙe ya kama hannuwansa biyu, shi yana zamewa da baya, tsohon na binsa yana karkarwa. Tsohon ya faɗi, Ghali ya ɗaga shi ya kakkaɓe masa. Ya sake faɗuwa, ya yi ta faɗa da yarensu yana dukan ƙanƙara, Ghali ya tsuguna ya saurare shi har ya huce. Sau bakwai Alhaji ya ƙirga. A na takwas tsohon ya sauko shi kaɗai, ya ɗaga sandar zamiya sama yana ihu. Alhaji bai nemi a fita ba duk da haƙoransa na haɗuwa.

Da Ghali ya tashi hutun azahar suka yi salla, suka zauna a wurin shan shayi na cikin ginin. Ya gaishe da surukinsa a durƙushe, duk ya rikice.

"Tashi ka zauna," in ji Alhaji. Ya riƙe kofin ruwan zafi da hannu biyu. "Na kira ka ɗan wasa a bayan idonka, ka yafe ni. Wanda zai ɗaga tsohon da ba ubansa ba sau bakwai bai ɓata rai ba, zai iya riƙe mace. Ba aikinka nake ƙi ba, Ghali. Kalmar nan nake tsoro, wata huɗu kacal."

Sannan ya juya ga 'yarsa.

"Uwata, ban taɓa gaya miki ba. Kina goye na ce wa mahaifiyarki Saude wata uku kacal zan yi a China, kayan salla zan saro in dawo. So nake in gina mata gidan da 'yan'uwanta ba za su raina ni ba. Wata uku ya zama shekara. Duk shekara sai in ce bari in ƙara kaɗan. Sai in je in yi sati biyu in dawo, ita ko sau ɗaya ba ta yi ƙorafi ba. Ranar da ciwon ya tashi ina kasuwar Baima ina cinikin jallabiya, waya na ta ruri a aljihuna, na ce bari in gama. Kafin in samu jirgi an yi sadakar uku." Ya share ido da hannun rigar sanyin. "Gidan yana nan, bene ne. Kwana ɗaya ba ta yi a ciki ba."

Saffana ta kifa kai a tebur tana kuka, tausayinsa ya cika ta, ga kunyar duk zargin da ta yi masa a zuci. Shekara tara suna gida ɗaya, ashe da wannan yake kwana yake tashi.

Ghali ya ɗago kai. Sai ya ciro waya ya kira Kano, a gabansu.

"Yaya, ina wuni. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ba zan je Yabuli ba. Chongli zan je, da matata. Akwati biyu nake da iko, su zan kai." Bai tsaya ba. "Ke ce uwata, ke ce ubana, ban taɓa saɓa miki ba. Amma ba zan bar mutum in tafi neman akwati ba. Ki yafe mini."

Abin da Yaya Rekiya ta faɗa ba na maimaitawa ba ne. Ta kashe waya, ta yi kwana huɗu ba ta ɗaga kiran kowa ba. Ghali ya sa hannu a takardar Chongli ran Juma'a da jiki a sanyaye, Saffana kuwa kullum sai ta tura mata gaisuwa, ana gani ba a amsawa, ba ta fasa ba.

A rana ta biyar, da hantsi, wayar Saffana ta yi ƙara.

"Ke 'yar nan, ba kya gajiya da gaisuwa ne?"

"Ina kwana, Yaya."

"Lafiya lau. Ni fa ban yarda da akwati biyu ba, in gaya miki. Uku ne! Na ukun ni zan haɗa, akwai mai tahowa ran Asabar. Na tambaya an ce garin nan ko daddawa babu. Na sa kuka, da kuɓewa busasshiya, da yaji, da kilishi, da safa guda shida. Ki kula mini da shi, tun yana yaro sanyi ke sa shi tari."

"In sha Allahu, Yaya," Saffana ta ce, tana dariya tana kuka.

An ɗaura auren bayan sallar Juma'a, 'yan kasuwar Kano da na Nijar da na zongon Ghana suka cika harabar masallaci. Takardun aikinta na karɓar baƙi suka ci musu sati uku na zirga-zirga daga wannan ofis zuwa wancan, har ta rame. A ƙarshen Nuwamba Alhaji Ƙasimu ya raka su tashar jirgin ƙasa. Ya kama hannun Ghali ya ɗora na 'yarsa a kai, ya ce, "Duk inda za ka, da ita. Ko da abincin ya yi kaɗan." Daga nan ya juya da sauri don kada su ga fuskarsa.

'Yan'uwa matasa, Saffana ba ta ɗaga wa ubanta murya ba, ba ta raina yayar mijinta ba, ta yi haƙuri har ta gano ciwon da ke bayan tsananin kowannensu, Allah kuma ya ba ta abin da take so. Idan babba ya tsananta, a bincika kafin a yi fushi, sau da yawa wani rauni yake karewa. Kaya kuma ana iya sayensu baɗi, amma kwanakin da aka hana masoyi ba a sayar da su a kowace kasuwa.

Jirgi ya ja da ƙarfe tara na safe. Ghali ya buɗe waya zai nuna mata hoton ɗan ɗakinsu na Chongli, ya juyo ya tarar ta jingina kai a kafaɗarsa barci ya kwashe ta. Ya mayar da wayar aljihu, bai motsa ba har suka wuce tasha uku.