Wayar da Haladu Ya Ja da Hannunsa

Shekarar da lantarki ya iso unguwarsu a Kaura Namoda, Haladu direba ya rantse ba zai kira ma'aikacin wuta ba. Shi da ke gyara wayar motarsa a hanyar Shinkafi, wai ta ɗaki ce za ta gagare shi? Maƙwabcinsa Bawa, mai lasisin aikin wuta, ya gaya masa doka ta hana haɗa gida da turken wuta sai mai takarda ya duba ya sa hannu. Haladu ya ce hassada ce kawai. Ya ja wayarsa ta cikin silin, ya murɗa, ya naɗe da robar tayar keke.

Wata uku lafiya lau. Sai wata magariba, ana alwala, dutse ya faɗo kan kwanon ɗakin ɗiyarsa Kyauta. Na biyu ya biyo. Aka leƙa waje, ba kowa, ko akuya. Kullum kuma sai an kunna ƙwan ɗakin nan jifan ke farawa, wani ɗaki bai taɓa samun ko tsakuwa ba.

Haladu, mutum mai taurin kai kamar jakin kasuwa, ya tare Bawa a ƙofar masallaci, ya kira shi majefin gidan mutane. Bawa ya wuce abinsa, wannan ma ya ƙara wa Haladu zargi.

Rana ta bakwai Kyauta ta taka ƙofar ɗakinta ta sandare, ta faɗi. Aka ɗauko Malam Hayatu daga Zurmi. Ya yi ta karatu har inuwa ta cinye tsakar gida, sannan wata murya ta tsoho ta fito daga bakin yarinyar.

"Mi kake nema gare ta?" in ji Malam.

"Korarta nike daga ɗakin. A rufin nan nike da iyalina. Wata uku ina riƙe da waya biyu kada su haɗu, hannuna duk ya toye. Na gaji."

Malam ya ce aljani ba a rantsuwa da maganarsa, ya umarce shi ya fita. Muryar ta yarda, amma da sharaɗi: a kashe wutar tukuna, don in ya saki babu mai riƙewa. Haladu ya so gardama, tsoro ya hana shi. Ya kashe. Yarinya ta yi atishawa, ta nemi ruwa.

Da safe kunya kamar ta kashe Haladu, ya je ya yi sallama gidan Bawa. Bawa ya zo, ya ce ba zai sa hannu ba sai an zare wayar gidan kaf. Ya hau, ya ɓamɓare silin daidai saman gadon Kyauta. Robar ta narke, wayoyin tsirara, tsakaninsu bai kai kaurin tsinke ba.

Haladu ya miƙa hannu ya taɓa katakon rufin da wayar ta bi. Ya marmashe, gawayi ya zubo kan matashin ɗiyarsa.