Mai Wanke Gilashin Hawa Na Talatin Da Huɗu

Kofin shayin ya suɓuce daga hannun Rinoza ya tarwatse a ƙasa.

Mutum ne a bayan gilashin falonsu, hawa na talatin da huɗu, yana reto a jikin igiya, bokiti ɗaure a ƙugunsa. Ba reton ne ya tsayar mata da numfashi ba, fuskar ce.

Da gudu ta ja ƙofar baranda, iskar teku ta fizge mata mayafi.

"Nilam...! Kai ne? Innalillahi, ka riƙe da kyau!"

Ya ɗago ya dube ta, ya saki murmushin nan nasa na gefen baki. "Shekara biyu ina wannan aikin ban faɗo ba, yau kina nema ki jefo ni da ihu."

"Shekara huɗu ba ka neme ni ba..."

"A ina zan neme ki, ranki ya daɗe? Mai gadinku ko inuwar ƙofa ba ya barin irina ya tsaya."

Hawaye suka ciko mata ido.

Tare suka tashi a lungu ɗaya a Kompanna Vidiya, tsohuwar unguwar Malayawan Colombo, katanga ɗaya ce ta raba gidajensu. Tun suna makarantar sakandare kowa a lungun ya san Rinoza ta Nilam ce. Da kamfani ya zo da takardun rushe lungun, mahaifinta Tuan Mahroof ne ya bi gida-gida yana lallashin maƙwabta su sa hannu. Ladansa shi ne wannan gida na sama, a dogon benen da aka gina a kan filin. Sauran mutanen aka kwashe su a manyan motoci zuwa benayen gwamnati a gefen gari, kowane iyali ɗaki biyu. Mahaifin Nilam bai cika wata shida a can ba ya rasu.

"Faɗa min lambar wayarka," ta ce.

"Ki bar shi kawai, Rino."

"Wallahi ko ka faɗa ko in tsallako in same ka!"

Ya yi dariya, ya faɗa.

Daga ranar wayarta ba ta huta ba. Duk ranar da ya tashi aiki da wuri sai su haɗu a bakin tafkin Beira, ya sayo musu gyaɗa a takarda. Ita take ba shi labarin gidan da ba a jin kiran salla sai an buɗe baranda, da maƙwabciyar da suka shekara huɗu ƙofa na kallon ƙofa ba ta san sunanta ba.

"Kaɗaici zai kashe ni a can, masoyi."

"A yi min irin wannan kaɗaicin mana, mai na'urar sanyi da wurin iyo a saman rufi."

"Kai komai wasa!"

"In ban yi wasa ba kuka zan yi, rabin raina."

Wata uku suka samu kafin Ummanta ta ga sunansa a wayar. Da Bapa, mahaifinta, ya ji, bai ɗaga murya ba. Rimot ɗin hannunsa ya ajiye a hankali.

"Na fito da ku daga bakin kwata, ke kuma kina neman hanyar komawa?"

"Bapa, ɗan maƙwabcinka ne. A hannunka aka yi masa suna..."

"Ba ni da maƙwabci a ƙasa! Kin san shekara nawa na yi kafin mutanen benen nan su fara amsa min sallama? Har gobe in mun juya baya 'yan lungu suke ce mana. Yanzu ga Imthiyaz, ɗan shugaban kwamitin masu gida, da kansa ya aiko yana son ki. Sai in ce masa me? 'Yata ta fi son mai bokiti?"

"Ba na son Imthiyaz."

"Ban tilasta ki ba. Amma wancan, sai bayan raina."

Wata ranar Asabar iyayenta suka tafi garin Kandy ɗaurin aure. Da hantsi ta kira Nilam.

"Sau ɗaya dai ka shigo gidanmu ta ƙofa, kamar kowa."

"Rino, ma'aikata lif ɗinsu na baya."

"Kai baƙona ne yau. Ta gaba za ka hau."

Ya cire rigar aiki ya hau. Minti ashirin ya yi, ƙofar falo a buɗe, yana zaune a bakin kujera kamar za ta cije shi. Ko rabin shayin bai sha ba. Da zai sauka lif ɗin ya buɗe, Imthiyaz na ciki. Ya dubi Nilam daga sama har ƙasa, ya dubi Rinoza da ke tsaye a bakin ƙofa, ya yi murmushi.

Ranar Litinin aka ce agogon zinare na mahaifiyar Imthiyaz ya ɓata.

Da la'asar aka tara masu gidaje a ɗakin taro na hawa na biyu. Rinoza na shiga ta hango Nilam tsaye a tsakiya, 'yan sanda biyu a gefensa. Manajan benen ya kunna hoton kyamara a bango: ga Nilam nan cikin lif ɗin masu gida, babu rigar aiki.

"Wurin wa ka je?" manajan ya tambaya.

Nilam ya kau da kai.

"Magana nake maka!"

"Ban ɗauki kayan kowa ba, yallaɓai."

Imthiyaz ya gyara zama, murya a sanyaye ya ce, "A hawa na talatin da huɗu na same shi. Wataƙila 'yar gidan Tuan Mahroof ta gan shi, ai a bakin ƙofa take."

Kawuna suka juyo gaba ɗaya. Matan da ke jere cikin tufafin sari na alharini suka zuba mata ido. Hannun Bapa ya sauka a kan nata, sanyi ƙalau.

"Ki rufa min asiri," ya raɗa mata. "Don Allah, 'yata..."

Ba ta taɓa jin ya roƙi kowa ba.

Babban ɗan sandan ya matso. "Kin san wannan mutumin?"

Nilam ya kaɗa mata kai kaɗan, alamar ta yi shiru. Da ma shirun ta yi! Amma ɗan sandan na jira, ɗakin duka na jira, sai ta ji bakinta ya buɗe.

"Mai... mai wanke gilashi ne."

Ta ga lokacin da wani abu ya mutu a idonsa. Bai sake kallonta ba har aka fita da shi.

Kwana uku ba ta sa komai a cikinta ba. A na huɗu ta saci jiki da safe, ta tari keke mai ƙafa uku zuwa ofishin 'yan sanda, ta faɗi komai, ta sa hannu. Da yamma aka sake shi. Washegari kuma aka ce an ga agogon a aljihun wata jaka, babu wanda ya ba kowa haƙuri. Imthiyaz ya aiko mata da furanni, ta sa aka mayar masa.

Bapa ya daina yi mata magana. Matan benen in ta shiga lif sai su matsa gefe.

Duk bai dame ta ba. Wayar Nilam da ke kashe ita ce ta hana ta sakat.

Sai da ta yi tambaya sau uku kafin ta gane benen su Nilam. Lif ɗin ya lalace, ta taka hawa tara da ƙafa, tana ratsa shanya da warin bola. Fuskokin tsofaffin maƙwabtansu ne ta ko'ina, babu wanda ya amsa gaisuwarta.

Bibi Sithy, mahaifiyarsa, ce ta buɗe ƙofa. Ta daɗe tana kallonta kafin ta matsa.

Yana zaune a kan tabarma, hannunsa na dama a naɗe har gwiwa, gefen fuskarsa a kumbure.

"Nilam... me suka yi maka?"

"Yatsu uku ne kawai suka karya. Likita ya ce igiya dai na gama da ita."

Ta zube a gabansa. "Ka yafe min, masoyina! Wallahi tsoro ne, Bapa ne ya..."

"Na sani. Ni da kaina na ce ki yi shiru. Da shirun kika yi, ko shekara zan yi a rufe da farin ciki zan yi ta."

"Na je na faɗa musu gaskiya! Gaba ɗaya na faɗa!"

"Na gode." Ya sunkuyar da kai. "Duk dukan da suke min, Rino, ba shi nake ji ba. Muryarki nake ji. Kin san sunana tun kafin ki iya rubuta naki, amma a gaban mutanen nan kika rasa shi."

"Zan bar musu gidan. Yau, yanzu! Nan zan zauna, ko a ƙasa ne zan kwana..."

"Ranar Juma'a za mu koma garin Kirinda. Kawuna na da jirgin kamun kifi, ya ce zan iya tsare masa shago."

"Ka tafi da ni."

"Ba zan iya ba."

"Ka daina sona ne?"

"Da na daina ai da sauƙi." Hawaye ya gangaro masa, bai share ba. "Amma duk ranar da na kalle ki, ɗakin nan zan gani. Zan cutar da ke, ke ma ki cutu. Tashi ki tafi, rabin raina, tun ban canza magana ba."

Ta roƙe shi har muryarta ta dishe. Ya juya fuskarsa bango.

Ba ta san yadda ta sauko ba. A hawa na shida ta ji takun silifa a bayanta. Bibi Sithy ce, tana haki, riƙe da ƙunshi a ganyen ayaba, pittu ne, dambun shinkafa da kwakwa, da miyar tumbi, tururi na fita.

"Ungo. Kin rame. Ba a shiga ɗakina a fita da yunwa, ko 'yar waye."

Rinoza ta karɓa da hannu biyu, kuka ya ƙwace mata.

Tsohuwar ta gyara mata mayafin da ya zame, ta shafa kumatunta.

"Ki ci da zafinsa," ta ce. "Kar kuma ki sake dawowa, 'yata."