Batirin da Ya Mutu a Cikin Gajimare

Da hantsi aka kira Sufeto filin jirgi. Wani ƙaramin jirgin ɗaukar marasa lafiya ne ya sauka da ƙyar, bayan na'urorin gaban matuƙi sun ɗauke a cikin gajimare. Batirin ko-ta-kwana da ya kamata ya riƙe su awa guda, minti huɗu kawai ya yi. Allah ya tsare, ba wanda ya mutu, amma hukuma na shirin ƙwace lasisin Injiniya, matar da ta zaɓi batirin.

Sufeto ya same ta a ɗakin gyara, idanunta jawur.

"Ke kika zaɓe shi?"

"Ni ce, Yallaɓai. Iri uku aka kawo mini. Biyu sun fi arha, sun fi riƙe caji, na ƙi su. Na ɗauki lithiyam mai jure sanyi, don can sama sanyi ke kashe batir. Sai ya wuni a firiza na gwada shi nake sa hannu."

"To, ya aka yi?"

"Wallahi ban sani ba."

Sufeto ba ma'abocin gaggawa ba ne, har abokan aikinsa kan ce shayinsa ma sai ya huce yake tunawa da shi. Ya juya akwatin batirin a hannu, ya ga ɗigon ja a kan kowane sukuru.

"Wannan fa?"

"Alamata ce. In na rufe, nakan ɗiga fenti."

Ya kankare ɗaya da makulli. Ɗigon ya ɓare a dunƙule, yana sheƙi, ba kamar fenti ba. Sufeto uban 'yan mata uku ne, ko a mafarki ya san jan farce. Da aka buɗe akwatin, sai ga batiran kasuwa jere a ciki.

Mutum ɗaya ke riƙe da makullin sito, wani dattijo da kowa ke kira Baba. Sufeto ya same shi a can.

"Ka taɓa buɗe akwatin nan?"

"Ni? Ban ma san yadda ake buɗe shi ba."

"Wa ke sa jan farce a gidanka?"

Baba ya sunkuyar da kai. Sufeto ya tausaya masa tun kafin ya ji amsa.

"'Yata," in ji shi. "Uwarta da injin iska take numfashi. In an ɗauke wuta sai in zauna ina kallonta tana haki. Batiran kasuwa ba sa daɗewa, shi ne na musanya su da na jirgin. Amma na gwada su, Yallaɓai! A kan teburin nan suka cika taf."

"A ƙasa ka gwada, Baba," in ji Injiniya daga bakin ƙofa. "Ba a sanyi ba."

Sufeto ya rubuta jawabin. Lasisin Injiniya ya kuɓuta, amma ko kusa Sufeto bai ji daɗi ba. Bai sa wa dattijon ankwa ba, hannunsa kawai ya riƙe.

Sun kai ƙofa Injiniya ta ɗago wani kwali daga ƙarƙashin tebur.

"Tsofaffin da na cire ne. Ba su isa hawa sama ba, amma za su riƙe injin Mama shekara biyu. Wata shida suna nan, Baba, a sitonka. Da ka tambaye ni."