Koren Rini a Gindin Tsamiya

Magariba ta kawo jiki a Ƙafin Maiyaƙi, kaji sun shige akurki, sa'ad da dutsen farko ya faɗo a kan rufin gidan Kamaluddeen. Matarsa Furera ta ɗago kai daga murhu. Wani dutsen ya faɗa cikin tukunyar miya. Da ta tsamo shi, sai ta gan shi kore shar.

Kamaluddeen ma'aikacin ɗakin gwaji ne a wani ƙaramin asibiti. A shekarar da mashaƙo ya addabi yara, shi ke shafo majinar maƙogwaro da auduga, ya goga a gilashi, ya ɗiga koren rinin da ke fito da ƙwayar cutar, ya leƙa a madubin likita. Sai dai gida yake kwaso rinin asibitin, yana gwada 'ya'yan masu hali a shagonsa, kwalbar asibiti kuwa ya cika ta da ruwa. Duk ɗan makiyayin da aka kawo, sai a ce ba a ga komai ba. Da yamma ya wanke gilasan da tafasasshen ruwa, ya sheƙa a gindin tsamiyar bayan gida, ko bisimilla babu.

Jifa bai tsaya ba har 'yarsu Rufaida ta kwanta ciwo. Wuyanta ya kumbura, bakinta na warin ruɓaɓɓen nama, muryarta ta koma ta tsohuwa. Uban ya ce aljanu ne, ya ƙi duba bakin.

Aka kira Malam Shitu, mai ruƙiyya. Ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta buɗe ido.

"Wace ce ke? Me ta yi miki?"

"Ita? Ba komai," in ji muryar. "A tsamiyar nan nake tun kafin a haifi kakan ubanta. Uban nata ne ya ƙona mini jikoki, ya yi mana wanka da majinar yaran da ya kora gida su mutu. Tir! Malam, ko mu ba ma haka."

"Ki ji tsoron Allah ki fita. Ba za a yanka miki komai ba."

"Wa zai ci abin hannunsa? A daina zuba mini ƙazanta kawai. Rinin da ya ɓoye kuwa, da shi na rina duwatsun." Sai ta ƙara da cewa, "Muryar tawa ce. Farar fatar da ta toshe mata maƙogwaro ba tawa ba ce."

Rufaida ta yi atishawa, jikinta ya saki. Warin bai tafi ba.

Kamaluddeen ya ruga shago, ya dawo da kwalbar rinin, ko ɗigo babu.

"Akwai na asibiti..." ya ce wa matarsa.

Furera ta riga ta goya 'yarta, tana ɗaure majanyi.

"Ruwan da ka gwada 'ya'yan mutane da shi? Matsa mini, Baban Rufaida. Inda ba ka taɓa aiki ba zan kai ta."