Kwanon Baba Tasalla

Ma'aunin Hanji, wato na'urar girki, ya yi ƙara a bangon kicin ɗin Nafi'u, fitilarsa ta nuna ja. Kowa a Sabuwar Dala ya haɗiyi wata 'yar ƙwaya mai aika wa na'urar labarin ƙananan halittun da ke hanjinsa, ita kuma ta dafa masa abin da ya dace da shi, shi kaɗai. Tun zuwanta aka daina haɗa hannu a kwano. Ciyayya tsakanin maƙwabta ta mutu.

Nafi'u direban jirgin ƙasa ne mai bin gadar sama. Ya daɗe cikinsa na murɗawa: yau gudawa, gobe bayan gida ya ƙi fita. Duk abin da ya tayar masa da ciki sai na'urar ta cire, har abincinsa ya koma farin kunu salam. Ya sha tsayar da jirgi ya ruga banɗaki. Shugabansa ya ce in ya ƙara, ya ajiye aikin.

Ana haka maƙwabcinsa ya ɗauko mahaifiyarsa daga ƙauye, Baba Tasalla. Ta ƙi haɗiyar ƙwayar. Washegari ta ƙwanƙwasa wa Nafi'u ƙofa da kwanon dambu da kindirmon da ta kafa da kanta. Ya shiga yi mata bayanin na'ura.

"Ɗan nan, ba ita na kawo wa ba. Ci ka ba ni kwanona."

Kunya ta sa ya ci. Da farko ya wahala, amma kwanon bai fasa zuwa ba. Kafin damina ta fita yana kai jirgi ƙarshen layi bai tsaya ba.

Likita ta ce hanji kamar gona ne. Na'urar ta yi ta cire ciyawa har ta haɗa da shuka. Abincin tsohuwar ya dawo da irin. Kamfanin da ya ƙera na'urar ma yana son ya mayar da girkinta ƙwaya. Da Nafi'u ya gaya wa Baba Tasalla, ta yi dariya ta ce su zo su ci mana, wa ya hana su.

Abu ɗaya ya dame shi. Ba a mayar da kwanon ciyayya wayam, shi kuwa kullum haka yake mayarwa. Ya umarci na'urar ta dafa wa Baba Tasalla wani abu.

"Ban san cikinta ba," in ji na'urar.

Ya tsaya yana kallonta, sannan ya zare wayarta daga bango. Ya tsallaka ya yi sallama.

"Baba, na zo aron tukunya. Kuma sai kin koya mini."