Wayar da Preben Ya Yanke

Don Allah duk wanda ya karanta wannan kar ya faɗi sunana. Ko an tambaye ku, ku ce ba ku san ni ba.

Wata yarinya ce a ƙauyenmu na bakin teku, Ditte. Babanta Preben kullum yana gareji yana hira da mutanen nesa ta rediyo, ita da uwarta Bodil kuwa ko sannu. Wai muryarsa ba ta kai Japan, sai ya haɗa amfilifaya, na'urar ƙara wa rediyo ƙarfi. Ya je juji ya kwaso injinan ɗumama abinci huɗu, ya farke su, ya ciro taransifomomin. Kowace akwai wata waya da aka ɗaure a jikin ƙarfenta. Masu wannan harka yanke ta suke yi kafin su haɗa. Ya yanke.

Ran nan da magariba suna cin dankali da kifi, gidan ya yi tsit. Har firiji ya ɗauke. Sai tsakuwa a kan rufi, ɗaya bayan ɗaya. Bodil ta leƙa, ba kowa. Ditte ta ajiye cokali ta buɗe baki, abin da ya fito ba magana ba ce, ƙugi ne irin na taransifoma in ta ɗau zafi.

"Preben, dubi yarinyar nan."

"Wata tasha ce ke shigowa," in ji shi. Wai tasha. A bakin mutum.

Kwana tara ba ta ci ba ta sha. Bodil ta je ta ɗauko Agnete, tsohuwar da ta yi aikin rediyo a jirgin ruwa, wadda ta san addu'o'in da fasto ma bai sani ba. Agnete ta dafa goshin Ditte, ta daɗe tana karantawa.

"Wane ne kai?"

Muryar wani tsoho ta fito daga bakin Ditte. "Shekara ashirin ina ɗaure a ƙarfen nan, ina ɗumama wa wata baiwar Allah miya, ban taɓa kowa ba. Wannan sakaran ya zo ya kwance ni."

"Me kake so?"

"Hanya. A kunna tarkacen nasa, a danna maɓallin aikawa, kar a saki. In bi eriya in tafi."

Preben ya ce, "Ai duka huɗun ƙonewa za su yi."

"Su ƙone mana," in ji Agnete.

Ya tsaya tunani. Wallahi ya tsaya. 'Yarsa na kwance leɓe a bushe, shi yana kallon ƙofar gareji.

"In an cire biyu fa, ba zai yi ba?"

Bodil ce ta je ta danna, ta riƙe da hannu biyu har hayaƙi ya turnuƙe. Ditte ta yi atishawa, ta ce a ba ta ruwa.

Har yau in abokan Preben sun zo cewa yake rashin fanka ne ya ƙona taransifomomin. Bai san duk kwanakin nan Ditte na jin komai ba, bakin ne kawai ba nata ba. Ta ji abin da ya tambaya. Ko uwarta ba ta gaya wa ba, sai dai in ya ce mata miƙo gishiri ta

Ga Baba nan yana hawowa bene, bari in ɓo